Shafi Na Motsi, Madubin Bincike Ya Ce Ba Komai

A tsakiyar watan Nuwamban 2016 Mozilla ta fitar da burauzarta Firefox 50. Cikin 'yan kwanaki masu gina shafukan intanet a sassan duniya suka fara kuka da abu guda: Firebug, manhajar da suka shekara goma suna gano kuskuren shafi da ita, ta fara ce musu babu JavaScript a shafin da ke gabansu. Alhali shafin yana aiki. Maɓalli yana amsawa, hoto yana juyawa, fom yana tantance abin da aka cika masa, kuma duk wannan aikin JavaScript ne. Mutane suka goge manhajar suka sake sakawa, suka kashe kwamfuta suka kunna, wasu har suka koma tone-tone a rubutun da babu abin da ya same shi. Ashe Firefox ce ta canza kayan cikinta, Firebug kuma ba ta bi ta ba.

Firebug ta daɗe da mutuwa, amma tambayar da ta bari tana nan da ranta, har ta iso inda ba a taɓa jin sunanta ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ya zo hutu gida Yasore, da yaron shagon intanet a Batsari da ake kawo wa cikon fom, da matashin Safana da ya koyi gina shafi ta bidiyo, kowannensu akwai ranar da zai danna F12 ya buɗe madubin binciken da ke cikin burauza, wanda masu shi ke kira DevTools, ya leƙa inda ake jera fayilolin JavaScript ya tarar wayam, ko ya tarar da komai ban da fayil ɗin da yake nema. Daga nan sai zargi ya hau kan madubin. A ganina a nan ake fara ɓata hanya, domin galibi madubin gaskiya ya faɗa, ba a dai fahimci maganarsa ba.

Shafin intanet ba ya saukowa a dunƙule. Burauza tana fara karɓo fayil na HTML mai ɗauke da rubutu da tsarin shafin. A cikinsa take cin karo da layukan da ke ce mata ta je wuri kaza ta ɗauko fayil kaza na JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995. Sai ta aika roƙo, sabar, wato kwamfutar da shafin ke ajiye a kanta, ta amsa, ta duba ko ƙa'ida ta ba ta damar amfani da abin da aka aiko, sannan ta miƙa shi ga injin da ke karantawa, V8 a Chrome da Edge, SpiderMonkey a Firefox. In injin ya ga nahawun rubutun daidai ne, ya gudanar da shi. Madubin bincike a ƙarshen wannan layi yake zaune, kuma abin da ya iso gare shi kaɗai yake nunawa. Kamar mai awo ne a kasuwar Batsari: in ka tambaye shi buhun geronka ya ce bai gani ba, ai bai ce ba ka noma ba. Wataƙila buhun yana rumbu ba a fito da shi ba, ko motar ta lalace a hanya, ko an tsare ta a shinge, ko kuma ya iso an jibge shi a rumfar wani da sunan wani. Duk binciken yana komawa ga tambaya ɗaya: a ina fayil ɗin ya tsaya?

Mu fara sallamar yanayin da madubin ne da laifi, tunda shi ne mafi ƙaranci a yau. Joe Hewitt, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Firefox tun farko, shi ya rubuta Firebug a 2006, daga baya ragamarta ta koma hannun Jan Odvarko da abokan aikinsa. Liƙa ta ake yi wa burauza daga waje, tana leƙa ciki ta wasu kafofi da Firefox ta bari a buɗe. A watan Agustan 2016, daga Firefox 48, Mozilla ta fara raba aikin burauzar gida-gida, don kada shafi ɗaya ya daskare ya daskarar da komai. Ba a gina Firebug don wannan tsari ba, masu kula da ita kuma sun riga sun zaɓi su zuba ƙarfinsu a madubin da ke cikin Firefox ɗin kanta. Sashenta na JavaScript ya makance a Firefox 50, sannan Firefox 57 ta Nuwamban 2017 ta rufe ƙofa ga duk tsofaffin manhajojin liƙawa irinta.

Wannan tarihi bai wuce mu ba kamar yadda ya wuce wasu. Darussan bidiyo da littattafan PDF da ake tura wa juna ta Xender ba sa faɗin shekarunsu, kuma a cikinsu har yau akwai masu cewa a sauko da Firebug. Wasu kwamfutocin hannu da Windows 7 suke zuwa, alhali Chrome 109 ta Janairun 2023 ita ce ta ƙarshe da ta yarda da ita. Gwajin da ke wanke madubi ko ya kama shi ba ya cin minti ɗaya: a buɗe wani shafi da aka tabbatar yana da JavaScript, irin Wikipedia ko YouTube, a duba. In fayiloli sun jeru, a bar madubi ya huta. In nan ma wayam ne, ciwon yana jikin burauzar.

Abubuwan da ke kama burauza ba su da yawa. Sashen Network, mai rubuta duk roƙon da aka aika da amsar da aka samu, ba ya rubuta abin da ya wuce kafin a buɗe shi. Wanda ya bari shafi ya gama lodi sannan ya danna F12 sai ya sake lodi madubi na buɗe. Akwai kuma JavaScript da aka kashe ɗungum. Firefox ta cire akwatin kashe shi daga saitinta na fili tun 2013, amma makunnin yana nan a about:config, Chrome tana da nata a saitin shafuka, shi kansa madubin yana da akwati mai suna Disable JavaScript. A kwamfutar shago, wadda hannu goma ke taɓawa a yini, ba abin mamaki ba ne wani ya kashe ya tafi abinsa. Manhajojin liƙawa irin uBlock Origin da NoScript kuwa aikinsu ke nan, tare fayiloli. In sunan naka ya yi kama da na talla, misali ads.js, mai tare talla zai iya tare shi ba sallama. Buɗe shafin a tagar sirri, wadda Chrome ke kira Incognito, yakan raba gardama, domin a can waɗannan manhajoji ba sa aiki sai mutum ya ba su izini da kansa.

In madubi ya wanku, a daina kallon jerin fayiloli, a koma sashen Console inda burauza ke rubuta kokenta da jan rubutu. Abin takaici ne yadda masu koyo ke tsallake jan rubutun nan saboda Turancinsa ya yi musu tsauri, alhali sau da yawa amsar tana cikinsa har da sunan fayil da lambar layi. A nan kuma za a iya rubuta document.scripts a danna Enter, burauza ta lissafo duk layukan kiran JavaScript da ke cikin shafin. In naka ba ya ciki, shafin bai kira shi ba: ko an manta layin, ko tsohon HTML ne ke kan sabar. In yana ciki, an kira shi, saura a san ko ya amsa. Wannan aikin Network ne.

A nan ne zancen ya zama namu. Yawancin shawarwarin da ake karantawa kan wannan matsala a Amurka da Turai aka rubuta su, inda ake ɗauka cewa duk abin da aka kira zai zo. Ko a can ma ba kullum ba. A 2013 sashen gwamnatin Birtaniya mai kula da shafin GOV.UK ya auna masu ziyartarsa, ya gano kashi 1.1 cikin ɗari ba sa samun aikin JavaScript, wato kusan mutum ɗaya cikin 93. Waɗanda suka kashe shi ko burauzarsu ba ta iya shi kashi 0.2 ne kacal. Sauran kashi 0.9 nasu a kunne yake, amma bai gudana musu ba. In haka ta faru a Ingila, sai a kwatanta da garin da ke yankin dajin Rugu, inda sabis kan nuna sanda ɗaya ya ɓace.

HTML fayil ne mai sauƙi, yakan tsallake ko da sabis ya yi rauni. Fayilolin JavaScript na shafukan yanzu sukan ninka shi nauyi, kuma ba lallai daga sabar ɗaya suke zuwa ba. Al'ada ce a koya wa mai farawa ya kira kayan aiki irin jQuery ko Bootstrap daga rumbunan da manyan kamfanoni suka ajiye a intanet, waɗanda ake kira CDN, maimakon ya sauko da su ya ajiye kusa da shafinsa. Ga mai sabis dabara ce mai kyau. Marar sabis kuwa, shafinsa na kan kwamfutarsa, rubutu ya fito, amma rabin kayan aikin yana wata ƙasa. Sakamakon sai ya zo da ruɗani: Console ya ce bai san alamar $ ba, mutum ya yi ta neman kuskure a layin da ya rubuta, alhali jQuery ne bai iso ba. A Network abin a fili yake, layin fayil ɗin ja ne, ko kuma yana nan yana jiran da ba ya ƙarewa.

Yankin nan ya ga iyakar wannan a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana da Dutsin-Ma da Jibiya, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. A irin wannan hali mai koyon da ya ajiye kwafin kayan aikinsa a kwamfuta caji kawai yake buƙata ya ci gaba da darasi. Wanda ya bar su a CDN, ko shafin gwajinsa ba zai motsa ba. Ba kuma sai an sake rufe layi ba. Data ma takan ƙare a tsakiyar lodi.

Lambar da ke gefen kowane layi a Network ita ce amsar sabar: 200 na nufin ga shi, 404 na nufin ban san shi ba. Ita 404 kusan kullum matsalar suna ce ko hanya. Windows ba ta bambanta Main.js da main.js, amma yawancin sabobi manhajar Linux suke amfani da ita, ita kuwa tana bambantawa, shi ya sa shafi zai yi aiki a kwamfutar mai shi ya mutu ranar da aka ɗora shi. Windows kuma tana ɓoye wutsiyar suna, mutum ya buɗe fayil na rubutu ya canza masa suna yana ganin main.js, alhali main.js.txt ne. Wadda ta fi yaudara ita ce 200 ta ƙarya. Wasu sabobi in ba su sami fayil ba sai su aiko da shafin farko na HTML a madadinsa su ce ga shi. Injin ya buɗe ya ci karo da alamar < a farkon layi ya tsaya. Duk wanda ya ga Console na kuka da wannan alama a layi na ɗaya, ya danna fayil ɗin a Network ya karanta abin da aka aiko da idonsa.

Akwai kuma fayil ɗin da burauza ta hana shiga. Shafin da adireshinsa ya fara da https ba ya karɓar JavaScript daga adireshin http marar kariya. Fayil ɗin da aka yi wa lakabin module ba ya loduwa in an buɗe shafin ta danna shi sau biyu daga folda, sai an tayar da 'yar ƙaramar sabar a kwamfutar, abin da layi ɗaya na Python ko Live Server na VS Code ke yi. Sai agogo, wanda ba a cika tunawa da shi ba. A cikin kwamfuta akwai ɗan batiri mai girman kwabo da ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, babban batirin ma ya mutu, duk ɗauke wuta kwanan watan na iya komawa shekarun baya, takardun shaidar tsaro na https kuwa da kwanan wata ake tantance su. Shafin da ke kan kwamfutar zai buɗe, amma duk fayil ɗin da aka kira daga waje za a ƙi shi shiru, sai ɗan jan layi a Console. Kafin a taɓa kod, a kalli kusurwar allo a ga wace shekara kwamfutar take zaton ana ciki.

To, a ce fayil ya iso an bar shi ya shiga. Saura karatu. Injin yakan duba nahawun fayil gaba ɗaya kafin ya gudanar da ko layi ɗaya, don haka baka guda da aka buɗe ba a rufe ba a layi na 300 ya isa ya hana layin farko aiki. Shi ya sa a ƙarƙashin saƙonta na babu JavaScript, a zamaninta Firebug takan tunatar da mutum ya duba lakabin layin kira da nahawun rubutun. Chrome takan nuna irin wannan fayil a jeri, amma duk alamar tsayawa da aka dasa a cikinsa ba za ta kama komai ba, tunda babu abin da ke gudana.

Mai rubuta shafi da Hausa yana da tarko a nan da ya fi na Bature yawan kamu. A JavaScript ana killace zance tsakanin alamomin ɗauko magana, kuma da yawa sun saba da guda-guda, wato alamar nan '. Ita ce dai muke rubuta hamza da ita, ita ce kuma a gaban 'y: sana'a, jama'a, ma'aikata, 'yan'uwa. Rubuta saƙon 'Jama'a barkanku da zuwa' a haka, injin zai ɗauka zancen ya ƙare a Jama, saura shirme ne, fayil ɗin duka ya faɗi. Wanda ya fi wannan ciwo shi ne inda sabar ke ɗauko suna daga rumbun bayanai ta cusa shi kai tsaye cikin JavaScript ɗin shafi. An gwada da Musa da Binta, komai lafiya lau. Ranar da Mu'azu ko Rabi'atu suka shiga, shafi ya sandare musu su kaɗai, mai gyara kuma ya buɗe da nasa sunan ya rantse bai ga matsala ba. Maganin shi ne a killace zance da alamar biyu-biyu, ko a sa karkatacciyar sanda \ kafin hamzar, sannan duk abin da zai fito daga rumbu a mayar da shi JSON kafin a cusa. Kada a ɗauke shi ƙaramin abu: kafar da hamza ta shiga ta karya shafi, ta nan mai mugun nufi zai shigar da nasa umarnin.

Haruffa masu lanƙwasa suna da nasu. JavaScript ya yarda a raɗa wa abu suna da ƙ ko ɗ ko ɓ, amma in ba a gaya wa burauza cewa rubutun UTF-8 ne ba, tana iya karanta shi da tsohon tsarin Yammacin Turai, ƙ ta koma Æ™, alamar ƙarshen nan kuwa ba ta halatta a suna ba. Layi ɗaya a saman HTML ke hana wannan. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da ke rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, sun rage wa kansu tarkon farko sun ƙara na biyu. Kod ɗin da aka kwafo daga takardar Word shi ma yakan zo da alamomin ɗauko magana masu lanƙwasa, ido ba ya bambanta su da miƙaƙƙu, injin kuwa ba ya karɓar su. Tsohuwar burauza kuma za ta ɗauki sabon nahawu a matsayin kuskure, misali alamar ?. da ta shigo harshen a 2020.

Ragowar yanayin shi ne fayil ya iso, ya gudana, sunansa ne ko mazauninsa ya canza. Wanda aka rubuta a cikin HTML kai tsaye ba shi da fayil nasa, a ƙarƙashin sunan shafin za a same shi. Manhajojin haɗa kaya irin webpack da Vite sukan narkar da fayiloli masu yawa su matse su, na asalin ba za su bayyana ba sai an ɗora taswirar da ke danganta sabon da tsohon, wadda ake kira source map. Chrome tana da jerin fayilolin da aka ce ta kau da kai daga gare su, Ignore List. Shafin biyan kuɗi da ake dasawa cikin wani shafi duniyarsa dabam ce, sai an zaɓe shi a akwatin da ke saman Console. Wani lokacin kuma tsohon kwafi burauza ta adana tana ta miƙowa, mutum yana can yana gyara sabo. Akwatin Disable cache ne maganin wannan. Dabara ɗaya ke tono yawancinsu: a rubuta kalmar debugger a layin da ake nema, a sake lodi madubi na buɗe. In kod ɗin yana gudana, kuma ba ya cikin jerin kau da kai, burauza za ta tsaya cak a kansa ta nuna inda yake zaune.

Duk wannan a kan kwamfuta ne, alhali mutumin Yasore da aka gina shafin dominsa da waya zai buɗe shi, Tecno ko itel ko Infinix, kuma ba lallai da Chrome ba. Opera Mini, wadda kamfanin Opera na ƙasar Nowe ya fitar wa duniya a 2006, ta samu karɓuwa a Nijeriya saboda tsimin data, kuma yadda take tsimin shi ne abin lura. A matakinta mafi tsanani wayar ba ta karɓar shafin kai tsaye. Sabar Opera ce ke buɗe shi a madadinta, ta gudanar da JavaScript ɗin na ɗan taƙaitaccen lokaci, ta matse sakamakon ta aiko. A wannan yanayi da gaske babu JavaScript a wayar. Ya gudana a can ya ƙare. Agogo mai ƙirga daƙiƙa ba zai ƙirga ba, abin da ke jiran mutum ya gangara ƙasan shafi kafin ya lodu yana iya ƙin zuwa. Free Basics na Facebook, da ya shigo Nijeriya ta layin Airtel a 2016, shi ma cikin sharuɗɗansa na lokacin akwai cewa shafi ya yi aiki ba tare da JavaScript ba. Don haka in an kawo wa mai gyara ƙara cewa fom ba ya tafiya, ya fara tambaya: Malam, da wace burauza ka buɗe?

Chrome ta waya ba ta da F12. Sai an haɗa wayar da kwamfuta da kebul, a shiga saiti a danna Build number sau bakwai har sashen masu gina manhaja ya bayyana, a kunna USB debugging, a buɗe chrome://inspect a kwamfutar, a amsa neman izinin da zai fito a fuskar wayar. In jerin ya zo wayam, kafin komai a canza kebul. Da yawa daga cikin masu arha na caji ne zalla, babu zaren ɗaukar bayanai a cikinsu. Wayar za ta nuna tana caji, kwamfuta kuwa ba ta san an haɗa komai ba. In kebul ya wanku, a nemi direban wayar a Windows. Shafin da aka buɗe a cikin wata manhaja ba zai fito a jerin ba sai masu manhajar sun ba da dama. Bayan an gama a kashe USB debugging, balle wayar da ake kai wa mai caji ta yini a can.

Madubin yana da wani amfani da ya fi neman fayil ɗin da ya ɓace, wato ɓatar da shi da gangan. A Network akwai akwatin da ke rage gudun intanet ya koma na 3G, ko ya katse shi baki ɗaya. Ana iya zaɓar fayil guda a ce a tare shi. Ga kuma Disable JavaScript. Mai gina shafin rajistar makaranta ko na rabon taki, yana zaune a ofis mai Wi-Fi a Katsina ko Kano, da waɗannan zai ga abin da mai nema ke gani daga Yasore. In farin allo ya gani, aikinsa bai kammala ba. Fom na HTML yana iya aika abin da aka cika masa zuwa sabar ba tare da layin JavaScript ko ɗaya ba, haka yake yi tun kafin a ƙirƙiro harshen. In an gina shi a kan wannan, fayil ya iso a samu sauri da ado, bai iso ba rajista dai ta shiga.

Inda aikin ba zai yiwu ba sai da JavaScript, akwai layin noscript da ke nuna saƙo ga wanda nasa ke kashe, kuma babu abin da ya hana a rubuta saƙon da Hausa. Sai dai noscript ba ya fitowa ga wanda nasa ke kunne fayil ne bai iso ba, su ne kuma suka fi yawa a ƙididdigar GOV.UK. Su sai an rubuta musu saƙon a cikin HTML ɗin kansa, a ce shafin bai gama lodi ba, a sake gwadawa inda sabis ya fi ƙarfi, sannan a bar wa JavaScript aikin goge saƙon in ya iso.